Layin da Ya Ɓace

A gidan sufaye, yamma da Suhag,
cikin ɗakin da ƙurar tsohuwar fata ke sa atishawa,
ni Damiyana 'yar Wisa na jera kwafi bakwai a kan tebur,
na wanke hannu, na rage hasken fitila.

Shida sun yi baki ɗaya.
Na bakwai ya ƙi.

Shi kuwa ko littafi bai kai ba,
guntun fata ne, faɗin tafin hannuna,
an ɓamɓaro shi daga bangon kundin lissafin albasa da mai.
Gara ta ci kusurwarsa, danshi ya lashe gefensa,
amma yana ɗauke da layi guda
wanda sauran ba su taɓa jin labarinsa ba.

An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.
Ban da a nan.
Shaidu shida da suka ji a bakin mutum ɗaya
shaida ɗaya ne, ya sake riga sau shida.

Na san mutumin.
Ya bar sunansa a ƙarshen mafi tsufan shidan,
da Kibɗanci mai karkata kamar dabino a iska:
"Ku roƙa wa Fanuti gafara.
Tawada ta tsinke, fatar da gashi,
kuma tun azumi idona na hagu ke ruwa."

Ina ganinsa, shekara dubu da ɗoriya baya,
ya tanƙwashe ƙafa, allo a gwiwa.
Layi biyu sun ƙare da kalma iri ɗaya.
Ya rubuta ta farko, ya tsoma alƙalami,
wataƙila ƙuda ya kora, wataƙila ƙararrawa aka buga,
da idonsa ya komo sai ya sauka a kan ta biyu.
Abin da ke tsakani ya faɗa rijiya ba ƙara.

Waɗanda suka biyo shi amintattu ne.
Sun kwafi giɓin da tsoron Allah,
sun miƙa shi hannu da hannu har ya zama gado.
Da shi nake gane dangi:
daidai na kowa ne, kuskure shi ne kamannin gida.

Abuna Sarabamun ya kawo mini shayi, ya tsaya daga ƙofa.
Shekara hamsin yana rera wurin nan ba layin.
Ya ce, "'Yata, me muka rasa?"
Na ce, "Kalma biyar. Ɗayarsu 'kuma' ce."
Ya yi dariya har gemunsa ya girgiza,
sannan ya yi shiru, ya ce, "Karanta mini."

Na karanta. Amma ban ɓoye masa sauran ba:
mai yiwuwa Fanuti bai zubar da kome ba.
Mai yiwuwa wani ne ya ga maganar ta yi tsalle,
ya sa mata tsani a gefen shafi,
na bayansa ya ɗauka nassi ne, ya shigo da shi ɗaka.
Hannun mai kwafi ya fi son ƙari da ragi.
Na auna, na sake aunawa,
ma'aunin ya rinjaya da nauyin gashin tsuntsu.

Don haka layin zai zauna a ƙasan shafi,
cikin ƙananan haruffa, da alamar shakka a gabansa,
baƙon da ba a kora ba, ba a kuma ba shi ɗaki ba.

Daren nan na kwafe shafin a littafina,
harafi bayan harafi, ina ƙirgawa da bakin fensir.
Da safe na gwada da asali.

Layi na tara babu.

Na daɗe ina kallon wurin.
Sannan na rubuta a gefe, ƙanana:
"Ku roƙa wa Damiyana gafara.
Wutar lantarki lafiya lau take, idona ma haka."